Tunkiyar da Inna Ta Bari

Assalamu alaikum, ku da kuka saba karanta labarina, da ku da yau ne kuka fara leƙowa. Sunana Shafa'atu, daga wani ƙauye gabas da Deule, cikin ƙasar Buza. Abin da zan faɗa muku ya faru ne a lokacin kakar bara, wata takwas bayan rasuwar Innata. A kan tunkiya ne. Ku riƙe dariyarku tukuna.

Sunanta Auta. Uwarta ta mutu ranar da ta haife ta, Inna ta ɗauko ta cikin zane ta raine ta da nonon akuya a kwalba. Ni ce autar Inna, amma daga ranar na rasa sunan. In Inna ta ce "Auta, zo nan," na taso, sai ta ce, "Ba ke ba, mai hankalin nake kira." Fara ce sol daga ƙirji zuwa wutsiya, kai da wuya baƙi, kunnuwa dogaye har suna taɓa ruwa in tana sha. Da safe takan bi makiyayin gari, da yamma ta dawo ta kwanta a ƙofar ɗakin Inna kamar an aike ta ta dawo.

Da Inna ta rasu, gidan ya rage daga ni sai ita. Babanmu ya daɗe da rasuwa, yayana yana cin rani a Abijan, yayata Balkisu tana aure a Madawa. Kawu Ɗan'azumi, ƙanen Inna, katanga ɗaya ce tsakaninmu, shi ne mai kula da ni. Ban ƙara barin Auta ta fita kiwo ba. In ta fita, shirun gidan yakan danne ni har in rasa inda zan sa kaina.

Wata uku da rasuwar, sai ta fara zawo. Ya tsaya kwana huɗu, ya dawo kwana goma. Bayanta kullum a ɓace, ina wanke mata da ruwan ɗumi ƙudaje na bin mu. Na jiƙa bagaruwa na ba ta. Na daka ganyen sabara na ba ta. Ranar kasuwa na sayo kafso mai ja da ruwan ɗorawa wajen mai tallar magani a tire, ina fasa biyu cikin ruwa safe da yamma. Ya ƙare, na ƙaro. Har na daina ƙirga sau nawa. Ita kuwa sai ƙashi take fitarwa, gashinta ya tashi tsaye, in na zuba mata harawa sai ta shinshina ta kau da kai.

Ranar wata Litinin da hantsi ina tsugune ina wanke ta, Kawu ya yi sallama ya shigo. Ya daɗe a tsaye da hannuwa a baya.

"Shafa'atu."

"Na'am, Kawu."

"Wagga bisa ba ta kai ƙarshen wata. Na ga irinta ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Na ci gaba da matse tsumma.

"Ran Juma'a in yanka ta, a raba naman sadaka, ladan shi iske uwarki. Abin da yayata ta raina da hannunta, ba ni bari shi mutu mushe a ja shi bayan gari karnuka su ci. Kin ji ko?"

"Kawu, a ɗan ƙara mini..."

"Wata biyar ina ƙara miki, ɗiyata."

Muryarsa ta ɗan karye a wurin, ya juya ya fita da sauri. Ban ji haushinsa ba. Da faɗa ya yi mini, da na samu abin riƙewa.

Ko awa ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Bokal ne, wato saƙon murya, daga Balkisu, na danna na sa a kunne.

"Ke Shafa, na ji Kawu ya yanke magana, to Alhamdu lillahi. Kin mayar da kanki baiwar tunkiya. Ba ki zuwa biki, ba ki zuwa suna, zannuwan da na aiko miki ko ɗinkawa ba ki yi ba. Shi kuma wancan bawan Allah har yaushe zai yi ta jiranki? Ki ce masa e, ko ki ce masa a'a, shi san inda ya nufa. Ni dai na faɗa."

Wancan bawan Allah shi ne Ilyasu. Bahillace ne, rugarsu tana ƙetaren korama, suna noma suna kiwo. Ya taɓa zama Buza wata shida wajen likitan bisashe, shi ya sa in lokacin rigakafi ya zo shi ake gani da jaka da allura. Tun Inna na da rai ya fara zuwa zance, ita ma tana son shi, takan ce, "Yaron nan ya san gaisuwa." Da ta rasu ya daina zuwa, don ya ga ba na iya haɗa magana biyu. Sai dai kowace safiya bokal ɗinsa na shigowa, gajere, kusan iri ɗaya: "Shafa, an tashi lahiya? Allah shi jiƙan Inna." Ina saurare, wani lokaci sau uku. Ban taɓa amsawa ba.

Za ku ce me ya hana ni kiran shi tun farko, ga shi aikinsa ke nan. Na sha tambayar kaina. Gani nake in na kira shi a kan Auta, kamar na amsa ɗayar maganar ce, ni kuwa ban shirya amsa komai ba.

Ranar dai na zauna bakin murhu, na danna wayar na riƙe. Abin da na iya cewa kawai: "Auta ba ta da lahiya. Kawu zai yanka ta Juma'a."

Kafin la'asar na ji moto, babur ɗinsa, ya tsaya ƙofar gida. Na zura hijabina ruwan toka a kan zanen aiki, na dubi ƙafafuna duk toka, na ce oho. Sai da ya fara shiga wajen Kawu suka gaisa, sannan suka shigo tare. Riga ce shuɗiya a jikinsa wadda rana ta cinye kafaɗunta, da malafa rataye a baya. Ya ɗan rame. Bai dube ni da yawa ba, ni ma haka.

Ya durƙusa gaban Auta yana yi mata magana da Hillanci ƙasa-ƙasa. Ya ja fatar idonta ya duba, ya buɗe bakinta ya shinshina, ya dunƙule hannu ya danna kuiɓinta na hagu ya bar shi a wurin. Sannan ya kafa kunne a cikinta, ya daɗe.

"Mi kake saurare, likita?" in ji Kawu. "Ko labarun rediyo ta ka badawa?"

"Da ma tana badawa, Baba. Cikin bisa mai lahiya ba ya shiru. Wanga shiru yake kamar rijiyar da ta ƙahe." Ya ɗago ya dube ni. "Yaushe rabon da ki ga tana tuƙa?"

Na tsaya tunani. Wallahi na manta rabon da in ga Auta kwance tana juya baki.

"Wane magani kike ba ta?"

Na ɗauko masa ledar kafso. Ya juya ta a hannu, ya sa aljihu.

"Mi take ci?"

"Ba ta cin harawa. Ba ta cin ciyawa."

"Na ji abin da ba ta ci. Mi take ci?"

"Hura."

"Kamar yaya? Ludayi guda?"

Na shiga ɗaki na fito da ƙwaryar. Babbar ƙwaryar Inna ce, wadda ta tsage a baki ta ɗinke ta da zare baƙi. Kawu na ganinta ya kau da kai.

Bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa Balkisu ba. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu ni ke awon gero a gidanmu, ƙoƙo biyu, nawa da na Inna. Washegarin da baƙin gaisuwa suka watse, na shiga rumbu, hannuna ya auna biyu. Sai da na gama daka, na dafa, na dama, na cika ƙwaryarta na nufi ƙofar ɗakinta, sannan na tuna. Ina tsaye da ƙwarya a hannu, Auta ta taso daga inda take kwance ta sa baki. Ta shanye tas. Na ji wani sanyi a raina da ban ji ba tun ranar da aka fita da Inna. Gobe na sake. Tuwon yamma ma haka, malmala biyu, da miya. Wata takwas ban fasa ba ko rana ɗaya.

Ban faɗi wannan duka a gabansu ba. Cewa na yi, "Cike. Kullum. Da tuwo da yamma."

Ilyasu ya dubi ƙwaryar, ya dubi ƙofar ɗakin Inna da ke rufe, ya sunkuyar da kai yana shafa wuyan Auta. Na san ya gane. Na jira ya yi mini wa'azi irin na mutane, bai yi ba.

"Shafa," ya ce a hankali, "tunkiya ce."

Hawaye suka zubo mini, na sa bakin hijabi na tare.

"Ki saurare ni. Cikin tumbinta akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, su ke narka mata ciyawa. In gero ya yi yawa, cikin sai ya yi tsami, su mutu. 'Yan da suka rage, kafson nan ya ƙarasa su. Yanzu ko ta ci harawa ba mai aikinta. Kin ga yadda Innata ke kwantar da nono? In ba ta zuba ɗan tsohon nono cikin madara ba, ba ya kamawa daidai. Ita ma sai an zuba mata iri daga cikin 'yar uwarta mai lahiya."

"To ni na kashe ta ke nan."

"Ba ta mutu ba. Ga ta tana taka mini ƙafa."

Kawu ya yi gyaran murya. "Ni dai na ce Juma'a."

"Baba, a bar shi Juma'ar. In kun zo da hantsi ba ta tuƙa ba, ni zan riƙe muku ƙafafun."

Na ɗago na harare shi. Bai janye ba.

Washegari da sassafe ya zo a ƙasa, yana jaye da wata jibgegiyar tunkiya ja, mai ƙiba kamar matar mai gari. Ya ɗaure ta a turken Auta, ya zauna a kan turmi, ya ce mu jira. Muka jira. Ni ina can bakin ɗaki ina tsince wake da ba ya buƙatar tsinta, shi yana kallon wuyan tunkiya. Can ta kwanta, ta lumshe ido. Na ga wani ƙulli ya taso daga ƙirjinta ya bi wuya ya hau baki. Kafin ta fara juya shi, Ilyasu ya yi wuf ya riƙe maƙogwaronta da hannu ɗaya, ya zura yatsu biyu ta gefen baki.

"Wayyo Allah!"

Ta datse shi da haƙoran ciki. Ya fizgo hannu yana yarfewa, amma ga curin a tafinsa, kore shar, yana tururi, da wani wari da ya cika tsakar gida.

Dariya ta kuɓuce mini. Ni kaina na tsorata da jin ta.

"Yi dariya," ya ce yana tsotsar yatsa. "Bahillace guda, tunkiyar gidansu ta cije shi gaban Hausawa. In labarin ya kai ruga na shiga uku."

"Ai da ka yi mata sallama kahin ka shiga bakinta."

"Na yi. Da Hillanci. Ashe ta koyi halin mutanen gari."

Sau uku ya ƙwato curin. Ya dama shi a ruwan da bai fi ɗumin jiki ba, ya tace da ɗan ƙyalle, ya zuba a kwalba. Ya ce kada a bari ya huce, kada kuma a sa shi a wuta. Ya ciro wani ɗan ƙunshin takarda daga jaka, ya ce likitan Buza ya ba shi, irin waɗannan halittun ne aka busar kamar yis na burodi, ya barbaɗa kaɗan a ciki. Na rungume kan Auta a ƙirjina, yana ɗura mata ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, yana jira ta haɗiye. Hannunsa ya taɓa nawa sau biyu. Duk muka yi kamar ba mu ji ba.

"Ruwa da 'yar kanwa kaɗan, shi kaɗai za ta sha. Busasshiyar harawa a gabanta, ko ta ci ko ta bari. Ba kafso. Ba hura, ba tuwo, ba ko lasar ludayi." Ya tsaya a bakin zaure. "Za ta yi kuka, Shafa."

Ta yi kuwa. Da rana ta take, lokacin hura, ta zo ƙofar ɗakin girki ta tsaya a kan ƙafafun nan nata da ke rawa, ta yi ta kira. Ni kuma, ku ji wauta, na riga na auna biyu. Ƙwaryar tana cike a gabana na rufe da faifai. Sau biyu ina ɗauka ina ajiyewa. Daga ƙarshe na yafa mayafi, na ɗauke ta na fita ta ƙofar baya, na kai wa Iya Zulaiha, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai kusa da masallaci, idonta ya tafi. Ta shafa bakin ƙwaryar, yatsanta ya tsaya a kan ɗinkin.

"Ta uwarki Maiguwa ce wagga," ta ce. "Ina nan ranar da ta tsage." Ta sha, ta yi wa Inna addu'a mai tsawo, ina durƙushe ina cewa amin har ƙafafuna suka yi tsami.

Laraba ya dawo da jar tunkiyar, Alhamis ma haka, yatsansa ɗaure da tsumma. Auta ta daina kuka ranar Alhamis, ta kwanta ta miƙe wuya a ƙasa. Wannan ya fi kukan tsorata ni. Da yamma na ga ta ja tsinken harawa biyu ko uku. Na aika masa bokal, ya amso nan take: "Ci ba shi ne ba. Mu ga ya dawo baki."

Balkisu ma ta aiko nata: "An ce kullum moto ko tunkiya a ƙofarku. To madalla da zawo."

Ran Juma'a na yi wanka da wuri, na ɗaura ɗaya daga cikin zannuwan da Balkisu ta aiko, haka nan ba ɗinki. Ban san dalili ba. Wataƙila na ga ko me za a yi, bai kamata a yi shi ina cikin tsumma ba. Da hantsi Kawu ya shigo da wuƙa naɗe a fata, Ilyasu a bayansa. Auta tana kwance a inuwar rumbu, ƙafafu a naɗe, ido a lumshe. Bakinta tsit.

Kawu ya zauna a kan turmi, ya ɗora wuƙar a cinya. Kaji suna tono, ana jin ƙarar daka daga maƙwabta. Inuwar rumbun tana ta janyewa har rana ta fara taɓa wutsiyarta.

"To," in ji Kawu, ya dafa gwiwa zai miƙe.

"Baba, dubi wuyan."

Ƙullin ya taso a hankali, kamar mai hawan dutse da kaya. Ya tsaya a tsakiya. Sannan ya wuce. Muƙamuƙinta ya karkata hagu, ya dawo, ya sake karkatawa.

Kawu ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallonta, sai ya tura wuƙar cikin aljihun riga.

"Ja'ira," ya ce, yana share ido da bakin rawani. "Halin mai ita ta ɗauko. Sai an fidda rai ta ka motsawa."

Ina shirin durƙusawa in rungume ta, Ilyasu ya ce, "Akwai saura. Ba ta warke ba, farawa ta yi. Tana son garke, ta ci inda suke ci, ta sha inda suke sha, wata guda ko biyu. In ta zauna nan, ranar da ta yi miki kuka mai yawa za ki ba ta."

Na gyaɗa kai. Gaskiya ya faɗa.

Ya sa mata igiya ya ja. Ta kafe ƙafafu huɗu a ƙasa. Ya yi mata Hillanci, ya yi mata Hausa, Kawu ya tura ta baya, ko gezau. Na taka zuwa zaure don in buɗe musu ƙyaure, sai ga ta a bayana, igiya na jan ƙasa.

Muka dubi juna mu uku. Hanyar ruga ɗaya ce, ta bakin rijiya take bi, kuma hantsin Juma'a duk matan gari suna can.

"Sai ki raka ta," in ji Kawu, yana kallon sama. "Ni ina da masallaci."

Haka muka ratsa gari, ni a gaba da sabon zane, Auta tana bina tana tangaɗi, Ilyasu can baya da igiya a hannu kamar wanda ba ya tare da mu. A bakin rijiya guga ya tsaya. Wata ta ce, "Shafa'atu, a sauka lahiya!" suka kwashe da shewa. Kafin mu ƙetare yashin korama wayata ta yi ƙara sau huɗu, duk Balkisu. Ban buɗe ba.

A ruga garken yana cikin karan gero da aka girbe. Na kai ta har bakin gonar na tsaya. Ta tsaya ita ma. Jar tunkiyar nan ta zo ta shinshine ta, ta ɗan tunkuɗe ta da kai, ta wuce. Auta ta bi ta taku biyu, taku biyar, ta sunkuya.

Na ce, "Auta."

Ta ɗago da ganye a baki, ta dube ni, ta mayar da kai.

Na juya da sauri don kada a ga fuskata, sai na yi kiciɓis da wata doguwar dattijuwa da kitso har kafaɗa. Inna Jima ce, mahaifiyarsa. Na durƙusa na gaishe ta, ta kamo hannuna ta tashe ni, ba ta sake shi ba.

Ilyasu ya matso yana murza igiya. "Af, na manta. Gobe da hantsi akwai ɗurin ƙarshe. Kuma kin ga ba ta buɗa baki sai ke kika riƙe kan."

Inna Jima ta dube shi sama da ƙasa.

"Ƙarya yake yi, ɗiyata. Shekara arba'in ina riƙe kan tumaki, wagga ba ta gagara ta." Ta ƙara matse hannuna. "Amma ki zo."

Na dubi ƙasa. Na ce, "To, Inna."